Daga Shanono Zuwa Tuddan Rairayin Tulo-Tulo

Duk wanda ya tashi a Shanono ya san rairayi. Shi ne jigawar da muke noman gero da gyaɗa da wake, shi ne kuma ke riƙe tayar babur a hanyoyin ƙauye. Masana ƙasa sun ce iska ce ta kwaso shi a zamanin da, lokacin da hamada ta taɓa gangarowa kudu. Amma namu kwance yake, saiwoyin gawo da kuka sun danne shi. Wanda har yau yake tafiya yana arewacin Jihar Yobe, a Ƙaramar Hukumar Yusufari, dab da iyakar Nijar. Shi muka je gani.

Hanyar da nisa: Kano, Haɗeja, Nguru, Gashuwa, sannan Yusufari. Da muka nufi Tulo-Tulo sai kwalta ta ƙare, muka koma bayan wata Hilux mai ja da ƙafa huɗu.

Abin da direban ya fara yi ya ba mu mamaki: ya tsuguna ya rage iskar tayoyin duka. Ga dalili, ɗalibai 'yan ajin kimiyya su lura. Taya mai tauri yanka rairayi take yi ta nutse, mai laushi kuwa bajewa take kamar tafin raƙumi, nauyin mota ya rarrabu. Sammako ma dole ne, domin da sanyin safiya rairayin ya fi riƙo. In rana ta take sai ya zama kamar gari.

Hawa tudu ya fi komai sa faɗuwar gaba. Ɓangaren da iska ke bugowa a kwance yake, ɗayan kuwa gangare ne mai tsini, ba ka ganinsa sai ka kai ƙololuwa. Direba ba ya tsayawa a tsakiyar hawa, ba ya kuma karkata motar, don kada ta kife. Sau biyu muka kafe. A nan danna totur ba ya ƙara komai sai zurfin rami. Muka sauko, aka haƙe gaban tayoyi da shebur, aka shimfiɗa kabar goruba, muka tura. Har cikin kunnuwanmu sai da rairayi ya shiga!

Tsakanin tuddan akwai kwari mai dausayi, da dabino da goruba kore shar, da 'yan lambuna. A irin waɗannan kwaruruka ne ake samun kanwa. Sai dai tudun da ya burge mu, mutanen nan barazana ne gare su. Iskar hunturu daga arewa maso gabas tana tura shi kaɗan-kaɗan, ya binne gona, ya cike rijiya, ya danne katangar gida. Mun ga bishiyoyin goruba da rairayi ya haɗiye gindinsu, sai kawunan ke leƙe. Don irin wannan ne Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa ta dashen itatuwa a 2007, kuma jihohi 11 na Nijeriya ke ciki, har da Yobe da tamu Kano.

Ba mu gama kallo ba direba ya ce mu hau. Iska ta taso ta fara share sawun tayoyinmu, kuma sawun nan ne hanyarmu ta komawa Yusufari.