Wasiƙar Sata: Wa Ya Kawo Ta, Kuma Me Ya Sa Sai Yau?

Duk wanda ya daɗe yana karanta littattafanmu na soyayya ya san da zaman wasiƙar sata. Kishiya ce za ta faki ido ta buɗe akwatin amarya, ta tsinci wata tsohuwar wasiƙa, ta ɓoye ta a ƙasan katifa har wata shida, sai ranar da maigida ya dawo rai a ɓace sannan ta ajiye masa ita kusa da kwanon abinci. Ni kaina na yi amfani da wannan dabarar a littattafaina, shi ya sa na san sirrinta. Wasiƙar dai ba ƙarya ba ce, amarya ce ta rubuta da hannunta. Amma wadda ta zaɓi wasiƙar kuma ta zaɓi ranar, ita ce mai juya labarin.

To jama'a, da wannan idon nake kallon shafukan nan na intanet masu wallafa bayanan da 'yan dandatsa suka sato. 'Yan dandatsa su ne masu kutse cikin kwamfutocin wasu. A cikinsu akwai waɗanda ba kuɗi suke nema ba, siyasa ce ko aƙida ke tura su: su fasa rumbun gwamnati, ko na kamfani, ko na jam'iyya, su kwashe takardu, su miƙa wa wani shafi ya baje su a idon duniya. Mafi shahara shi ne WikiLeaks, wanda Julian Assange ɗan ƙasar Ostareliya ya kafa a 2006.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai lokutan da irin wannan tonon silili yake faranta min rai. Ku ɗauki labarin Hacking Team, wani kamfani da ya kasance a birnin Milan na ƙasar Italiya, wanda a lokacin sana'arsa ita ce sayar wa gwamnatoci manhajar leƙen asiri, irin wadda za a cusa wa mutum a waya ko kwamfuta ana karanta saƙonninsa bai sani ba. Kamfanin ya sha musanta cewa yana hulɗa da gwamnatoci masu danniya. Kwatsam a watan Yulin 2015 sai wani mai kiran kansa Phineas Fisher ya kutsa musu, ya kwashe bayanai masu nauyin gigabait 400 ya watsa, WikiLeaks kuma ta ɗora saƙonninsu na imel fiye da miliyan ɗaya ta yadda kowa zai iya lalubawa. A ciki aka ga takardun cinikinsu da hukumar tsaron Sudan, da kuma na Habasha, wadda dama masu bincike na Citizen Lab a Kanada sun riga sun gano an yi amfani da manhajar a kan 'yan jaridarta da ke zaune a Amurka. Kun ga a nan an yi wa mai leƙen asiri leƙen asiri. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

To amma fa ba kullum ake kwana a gado ba. A ranar 22 ga Yulin 2016, saura kwana uku jam'iyyar Dimokurat ta Amurka ta buɗe babban taronta a Filadelfiya, WikiLeaks ta saki saƙonnin imel na shugabannin jam'iyyar kusan 20,000. Saƙonnin sun nuna wasu jami'an sun karkata ga Hillary Clinton a kan abokin takararta Bernie Sanders, har ta kai shugabar jam'iyyar, Debbie Wasserman Schultz, ta ajiye muƙaminta. Sai kuma ranar 7 ga Oktoba, jaridar Washington Post ta fito da wani faifai da ya kunyata Donald Trump. Ba a cika awa guda ba WikiLeaks ta fara sakin saƙonnin John Podesta, shugaban yaƙin neman zaɓen Clinton, ta ci gaba da sakinsu kashi-kashi har zuwa zaɓe, tamkar yadda mu marubuta muke yanke littafi na ɗaya a daidai inda mai karatu zai matsu ya sayi na biyu.

A watan Yulin 2018 mai bincike na musamman Robert Mueller ya tuhumi jami'an leƙen asirin sojan Rasha su 12 da yin wannan kutse. Tuhumar ta ce har wani shafi suka buɗe mai suna DCLeaks, suna nuna kamar wasu Amurkawa ne masu kishin ƙasa. Rasha ta musanta, Assange ma ya ce ba daga gwamnatin Rasha ya samu ba. Ni dai abin da ya tsaya min a rai shi ne, akwati ɗaya aka buɗe, ɗayan yana kulle. Mai zaɓe ya karanta gulmar gida ɗaya, bai ji ta ɗaya gidan ba, kuma yana ganin ya san komai. Ana iya yaudarar mutum da zallar gaskiya, in dai wani ne ya zaɓar masa wadda zai gani da ranar da zai gan ta.

Wannan ke nan. Abin da ya fi ci min tuwo a ƙwarya kuwa shi ne talakan da ba ruwansa. Ɓarawon da ya shiga rumbu da dare ba ya tsayawa tsince tsakuwa, buhu yake saɓawa ya gudu. A watan Yunin 2015 WikiLeaks ta fara wallafa takardun ma'aikatar harkokin wajen Saudiyya, 'yan makonni bayan wata ƙungiya mai suna Yemen Cyber Army ta yi iƙirarin kutsawa cikin ma'aikatar. Da kamfanin dillancin labarai na AP ya bi takardun WikiLeaks a 2016, sai ya tarar da takardun asibiti na mutane fiye da ɗari, da bayanan aure da saki da rigimar riƙon 'ya'ya, da na waɗanda bashi ya yi wa katutu, kai har da sunayen yaran da aka yi wa fyaɗe. Ku duba fa! Mutum ya kai kukansa ofishin jakadanci don a taimake shi, sai ga sunansa da lambar wayarsa a kasuwar duniya. Wane azzalumin sarki aka tona wa asiri da sunayen yaran nan? An bar jaki ana dukan taiki.

A nan ne sana'ata take sa ni jin abin a jikina. Mu marubuta da sirrin mutane muke cin abinci. Sau da dama wata za ta zo ta ba ni labarin aurenta tana hawaye, ta ce in rubuta don wasu su ɗauki darasi. Kafin in ɗora biro a takarda sai na canja suna, na canja gari, na canja sana'ar miji da yawan 'ya'ya, ta yadda ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba. Darasin ya isa ga jama'a, ita kuma asirinta a rufe. In har ni da ke buga kwafi 'yan dubbai zan yi wannan wahalar, ina ga mai shafin da duniya gaba ɗaya ke leƙawa, wanda kuma abin da ya ɗora ba ya goguwa?

Akwai waɗanda suka gwada gyarawa. Shafin Distributed Denial of Secrets, wanda Emma Best da wasu suka kafa a 2018, ya kasa kayansa gida biyu: akwai na kowa da kowa, akwai kuma wanda sai 'yan jarida da masu bincike ake ba. A watan Yunin 2020, ana tsakiyar zanga-zangar kisan George Floyd, sun saki takardun hukumomin 'yan sandan Amurka sama da 200, masu nauyin gigabait 269, aka sa musu suna BlueLeaks. Sun ce sun ɗauki kwanaki suna cire bayanan yara da na waɗanda aka zalunta, duk da haka wasu sun zille sun fita. Twitter ta rufe musu shafi, hukumomin Jamus kuma suka ƙwace wata kwamfutarsu ta ajiya. Tankaɗe da rairaya aiki ne mai cin rai, amma a ganina shi ne kaɗai ya raba mai tona asirin azzalumi da dillalin kayan sata.

Saboda haka ba na cikin masu cewa a rufe waɗannan shafuka baki ɗaya, domin kuwa ba don su ba da manya da dama sun ci bulus. Ba na kuma cikin masu yi musu tafi ido rufe. Shawarata gare ku 'yan'uwa masu karatu ita ce, duk ranar da aka turo muku wata takardar sirri a waya aka ce ku yaɗa, ku dakata ku yi wa kanku tambaya uku. Wa ya sato ta, kuma me zai samu? Me ya sa sai yau ta fito? Sannan asirin wa ke ciki, na mai mulki ne ko na wata baiwar Allah da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba? In na mai mulki ne, ku karanta da idon basira. In kuwa nata ne, to ku bar shi ya mutu a wayarku.

Mu kwana nan.