Ziyara A Dajin Cako

Sau da yawa idan zama ya yi tsanani, hatsi ya yi tsada, ko aka ji ƙishin-ƙishin tashin hankali, sai ka ji magidanci yana cewa da ma ya sami wata ƙasa mai nisa, ya kwashi iyalinsa su koma can. Su noma abincinsu, su haƙa rijiyarsu, ba ruwansu da kowa. Mu ma mun taɓa yin wannan tunani. Shi ya sa da muka sami hanyar zuwa ƙasar Faragwai a Amurka ta Kudu, muka ce lalle sai mun je mun ga waɗansu mutane da suka gwada yin haka tun wajen shekara ɗari da suka wuce.

Daga Asunsiyon, babban birnin ƙasar, muka shiga mota, muka haye Kogin Faragwai, muka nufi arewa maso yamma. Tafiyar wajen mil 280 ce. Wannan yanki ana ce da shi Cako. Ya fi rabin ƙasar girma, amma mutanensa kaɗan ne ƙwarai. Da fari muka ratsa fadama mai itatuwa kamar giginya. Can gaba sai sarƙaƙiya, ƙasa a shimfiɗe, ba tudu ba dutse. Muka ga wani itace mai ƙaton ciki kamar tulu, ashe ɗan'uwan rimi ne. Iska mai zafi tana busowa daga arewa da ƙura, har muka tuna da bazara a Sakkwato. Sai dai watanninsu a juye suke, gama Disamba da Janairu su ne lokacin zafi, Yuli kuwa sanyi.

Da la'asar muka iso Filadelfiya. Gari ne mai faffaɗan tituna, da asibiti, da makarantu, da babban kanti. Waɗanda suka kafa shi Menonawa ne, watau masu bi da suka ɗauki suna daga Menno Simons, wani malami na ƙasar Holan da ya shiga cikinsu a 1536. Ba su ɗaukar makami, ba su kuma rantsuwa. Saboda haka sun sha ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa.

A 1921 gwamnatin Faragwai ta yi doka ta ce idan sun zo ba za a sa su aikin soja ba, za su kuma riƙe makarantunsu da harshen Jamusanci. Na fari suka taso daga Kanada a 1926 da 1927, su fiye da 1,700, domin can an tilasta wa 'ya'yansu karatu da Turanci. Suka sayar da gonakinsu masu albarka, suka sayi daji wanda ba su taɓa gani ba. Niyyarsu su zauna inda duniya ba za ta kai gare su ba.

To, wahala ba ta jira sun shirya ba. Da suka sauka a bakin kogi, a Fuwerto Kasado, suka tarar ba a auna filin ba tukuna. Suka zauna cikin bukkoki da tantuna fiye da shekara guda. Zazzaɓin taifod ya faɗa musu, wajen mutum 170 suka mutu, galibi yara. Fiye da 300 suka juya Kanada. Sauran suka kutsa daji da keken shanu, suka kafa ƙauyuka a 1928. Babban garinsu yau shi ne Loma Falata.

Ƙungiya ta biyu ta iso a 1930. Waɗannan 'yan gudun hijira ne daga Rasha, inda gwamnati ta ƙwace gonakinsu. Su ne suka kafa Filadelfiya. Su ma taifod ya kashe musu mutane fiye da 90 a shekarar fari. Ba a daɗe ba, mutanen nan da suka guje wa yaƙi suka ga yaƙi a ƙofar gida, gama daga 1932 zuwa 1935 Faragwai da Bolibiya suka gwabza a kan wannan daji. Ƙungiya ta uku ta fara isowa a 1947, bayan yaƙin duniya na biyu, da yawansu mata ne da yara waɗanda aka raba da mazansu.

Maigidan da ya saukar da mu, jikan waɗanda suka zo daga Rasha ne. Ya zagaya da mu bayan gida domin mu ga abin da ya ce ya fi kome daraja. Indararo ne kewaye da rufin kwano, yana kai ruwan sama cikin wani babban rami mai daɓen siminti da murfi. Yawancin rijiyoyin Cako ruwan zartsi ne. Saboda haka kowane gida yana tara ruwan damina, a sha har wata ta zagayo. Shanu kuma ana haƙa musu tafki.

Uwargidan ta gaya mana kakanninta sun saba da alkama, amma alkama ta ƙi ƙasar. Dole suka koyi gurasar dawa, suna ci suna ɓata fuska. Muka yi dariya, muka ce da sun zo wurinmu da mun koya musu tuwo. Sannu a hankali suka gane gyaɗa da auduga da dankali da kankana suna yi. Daga baya aka kawo musu wata ciyawa mai jure fari, asalinta daga Afirka, 'yar'uwar ƙarangiya ce. Ita ce ta buɗe musu kiwo sosai.

Amma ga abin da ya fi ba mu mamaki. Mutanen da suka je domin su tsaya da ƙafafunsu, ba su rayu su kaɗai ba. 'Yan ƙasa da ake kira Enlet, waɗanda suka tarar a dajin, su ne suka san inda ruwan daɗi yake, su ne kuma suka taya su saran daji. 'Yan'uwansu masu bi na Amurka ta Arewa suka aiko da kuɗi da kayan aiki. A tsakaninsu kuma suka kafa jam'iyyar gama kai tun 1931. Ita take sayen amfanin gona, ta sayar, ta ba da rance, ta tallafa wa asibiti da makaranta. Duk da haka talauci bai sake su ba, gama auduga sai an kai ta da keken shanu kwana da kwanaki zuwa bakin jirgin ƙasa. A 1937 wajen sulusin mutanen yankin Filadelfiya suka gaji, suka koma gabashin ƙasar. Arziki bai zo ba sai bayan da aka buɗe hanyar mota zuwa Asunsiyon a 1961. Watau duniyar da suka guje mata, sai da suka yi hanya zuwa gare ta suka wadata. Yau madararsu da namansu suna cika kantunan babban birni.

Akwai kuma bashi a kansu. Ƙasar da suka saya daga hannun kamfani, tun tuni wurin farautar 'yan ƙasa ce, ba wanda ya tambaye su. Da yawa daga jikokinsu yanzu 'yan ƙodago ne, suna zaune a gefen gari. An yi musu makarantu da asibiti da filayen noma, amma bambancin a fili yake. Dajin ma ana share shi da gaggawa domin kiwo.

Da muka kama hanyar komowa, muka yi ta tuna da farin 1973. Gidajen da suka tsira a lokacin ba masu nisa da mutane ba ne. Waɗanda suke da rumbu ne, da 'yan'uwa, da maƙwabcin da zai ba da rancen dami. Ya ku masu karatu, wanda ya ga tilas ya yi ƙaura, ba mu hana shi ba. Amma ya fara tambaya, ruwan wurin yaya yake, ƙasar ta wane ne, wa zai ɗauke shi idan ya kwanta ciwo. Mu dai da muka dawo gida muka sa indararo a rufinmu, muka kuma koma adashin unguwa da muka daina.