Mun Iya Duba Kwanan Watan Magani, Na'urar Fa?



Mu da muka taɓa zaman jinya mun san abubuwan da muke sa wa ido: ko an ba da magani a kan lokaci, ko ƙarin ruwa ya ƙare, ko kwanan watan da ke jikin kwali bai wuce ba. Amma na'urar da ke gefen gado tana nuna bugun zuciya, ba ma tambayar komai a kanta, mun ɗauke ta ƙarfe kawai. Alhali da yawa daga cikin na zamani kwamfutoci ne masu manhaja, a haɗe da sauran kwamfutocin asibiti ko da intanet. Ƙofar da likita ke bi ya duba sakamako daga ofishinsa, ɗan kutse ma yana iya gwada ta.

Ranar 12 ga Mayun 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta shiga asibitocin gwamnati a Ingila, ta kulle kwamfutoci tana neman kuɗin fansa. An soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, wasu asibitocin ma sai da suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Abin takaicin, tun watan Maris kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da zai toshe kafar, ba a dai saka shi ba ne. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda ya fi tsaya mana a rai shi ne na cikin jiki. A watan Agustan 2017, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta sanar cewa na'urorin daidaita bugun zuciya kusan 465,000 na kamfanin Abbott suna da kafar da wani zai iya bi ya zuƙe batirinsu ko ya canza bugun. Ba a sake tsaga ƙirjin mutane ba, asibiti aka kira su aka sabunta manhajar cikin 'yan mintuna. A 2019 kuma aka janye wasu na'urorin tura insulin na Medtronic ga masu ciwon suga, domin su ba sa karɓar gyara, sai dai a musanya. A duka biyun hukumar ta ce ba ta samu rahoton wanda aka cutar ba.

To, waɗancan marasa lafiya akwai rajistarsu, akwai mai neman su. Mu fa? Dattijonmu da aka sa wa na'urar zuciya a Indiya ko Masar ya dawo gida, wa zai kira shi idan kamfani ya gano matsala? Asibitin da ya sayi injin hoto na kwance, ko aka ba shi kyauta, yana aiki a kan Windows 7 da Microsoft ya daina yi wa gyara tun Janairun 2020, wa ke duba shi? Mun sha ganin kalmar sirri a rubuce a takarda manne da allon kwamfuta, mun ga filash ɗaya yana yawo daga inji zuwa inji.

Ba muna cewa kowa ya ƙi na'ura ba ne, amfaninta ya fi haɗarinta nesa ba kusa ba. Abin da muke roƙo kaɗan ne. Mai na'ura a jiki ya adana katinta mai sunan kamfani da lamba, kuma duk zuwa asibiti a tambayi likita ko akwai sanarwa a kanta. 'Yan'uwanmu ma'aikatan lafiya, a daina cajin waya a jikin inji, a canza kalmar sirrin da ya zo da ita daga kamfani. Masu asibiti kuma, kafin a biya kuɗin inji a tambayi dillali: har yaushe kamfanin zai ci gaba da sabunta manhajarsa?

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu kula da su da alheri. Amin.