Abin Da Na Gani A Kaltungo

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwana masu karatu labarin tafiyar da na yi ƙasar Tangale.

Daga Gombe na kama hanyar Yola, na wuce Billiri, na sauka Kaltungo. Ƙasa ce ta duwatsu da gonaki, mai kyaun gani, amma kububuwa ta yi mata yawa. Macijiya ce ƙarama, da kyar takan wuce kamu guda, launinta kamar na ƙasa. Manoma da makiyaya ta fi sara, tun ba lokacin shuka da girbi ba. Saboda haka akwai asibiti a garin musamman domin saran maciji, na kuwa shiga na duba.

Can na gane dafi iri iri ne. Na kububuwa yakan hana jini daskarewa, har ya riƙa zuba ta dasashi. Ma'aikata sukan ɗebi jinin mutum a kwalba su ajiye minti 20. In bai daskare ba, sai su yi masa allurar makari. Dafin kasa da na gamsheƙa kuwa nama yake ci. Wurin ya kumbura, ya yi bororo, ya yi baƙi, kana ya ruɓe.

Na ga wani saurayi da kasa ta sara a gona. Danginsa suka ɗaure ƙafar tam da igiya, suka tsattsaga ta da aska, suka riƙe shi gida kwana 4. Ransa ya tsira, amma sai da aka yanke ƙafar. Makari yana karya dafin da ke yawo cikin jini, amma ba ya rayar da naman da ya riga ya mutu.

A shekarar 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan da aka yi sakaci da su. To, malamai da akawuna, kada mu ma mu yi sakaci. Ku karanta wa mutanen ƙauye wannan: kada a ɗaure, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe da warwaro, a hana wurin motsi, a ɗauki mutum zuwa asibiti nan take. Mai fita da dare kuma ya riƙe fitila, ya sa takalmi mai rufe ƙafa.

Haza wassalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta