Huda uku a ciki

Malamin lekol a tsaye yake neman abincinsa, ƙaba kuwa ba ta son tsayuwa. Da safe kumburin na kwance lafiya a matsematsi, kafin a tashi yara da rana ya fito ya yi nauyi. Shekara biyu na yi a haka kafin a yi mini aiki a babban hutu.

Irin aikin da ba a tsaga mutum aka yi mini. Huda uku a ciki, babbar ba ta wuce santimita ɗaya da ɗan abu ba. A hura iska, a zura kyamara, a shimfiɗa raga ta ciki ta toshe ɓular da hanji ke bi. Sai dai dole a sa mutum barci gaba ɗaya, alhali aikin tsagawa ana iya yin sa da allurar baya kawai.

Ban yi nadama ba. Zafin kaɗan ne, cikin sati biyu ina hawa babur. Amma washegarin aikin kafaɗata ta dama ce ta hana ni sakat, wai iskar da aka hura ce. Fitsari ma sai da ya yi gardama. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kumburin da ya dawo a wurinsa na da, kamar ƙwan zabo. Na ce shi ke nan, kuɗi sun tafi. Likita ya taɓa ya ce ruwa ne ya taru a gurbin, zai shanye da kansa. Ya shanye, amma sai da ya ci wata guda.

Abokan aiki kan tambaye ni ko su ma su jira irin wannan. Ni dai nakan ce a fara tambayar likitan sau nawa ya yi shi. A hannun gwani ƙaba ba ta cika dawowa ba, ko wane irin aiki ne. A hannun sabo kuwa ana iya taɓa mafitsara ko hanji, ko da yake ba kasafai ba. Mai ƙaba gefe biyu, ko wanda tasa ta dawo bayan tsagawa, shi ya fi cin moriyar hudar.

Jiran ne ba na so. Wani malami a ƙauye yana tara kuɗin zuwa Yamai, alhali ana tsagawa a kusa da shi. Ranar da kumburin ya ƙi komawa, ga ciwo ga amai, hanji ne ya shaƙe, a daren ake neman mota.