Ƙyama da Haram a Bakin Ruwan Yawuri

Wanda ya sauka Yelwa daga Kano ko Katsina, ƙamshin banda ne zai fara tarbarsa. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya haɗiye tsibirai, aka mayar da Gungawa gaɓa, amma cimarsu ba ta rabu da kogi ba: tarwaɗa, ƙarfasa, giwan ruwa. Tsofaffin Sarkawa kuwa har gobe suna labarin farautar dorina da kada da ayu.

Na sha ganin baƙo ɗan tudu ya ji wannan labari ya yatsine fuska, ya ce haram. Gaggawa ce. Malikiyyar da muke bi ta halatta dabbobin ruwa baki ɗaya. Hanafiyya ce ta tsaya ga kifi kaɗai. Tarwaɗar ma da muke rububi, addinin Yahudawa ya hana cin ta don ba ta da ɓawo. Farar da muke soyawa da yaji kuwa, mutumin Legas kallon mamaki yake mata, kamar yadda muke wa dodon koɗinsa.

Abin da ya fi damuna daga Shanga zuwa Ngaski shi ne ayu. Macensa ɗa ɗaya take haifa cikin shekara biyu ko uku, ga masu neman mansa don magani sun matsa masa, duk da doka ta hana kama shi. Matasan masuntan da na zanta da su, yawancinsu a bakin kakanninsu kawai suka san shi.