Kafin Ka Sayi Madubin Hangen Nesa

Duk mai neman madubin hangen nesa, na kallon tsuntsaye ne ko na farauta ko na duba inda harsashi ya huda allo, lambobin da ke jikinsa su ne kan fara ruɗa shi. Za ka ga an rubuta 20-60x80. To, 20 zuwa 60 ɗin nan shi ne ninki nawa madubin ke jawo abu kusa, 80 kuwa faɗin gilashin gaba ne a ma'aunin milimita. Ɗan kasuwa da 60 zai yi ta cika maka baki, amma ni 80 ɗin nake fara dubawa, domin ta nan haske yake shiga.

Na tabbatar da haka a Dagona ta Jihar Yobe, watau mafakar tsuntsayen nan ta fadamar Hadeja da Nguru wadda Yarima Philip na Ingila ya ziyarta a 1989. Da hunturu agwagin ruwa kan taso tun daga Turai su sauka nan, su cakuɗa da kirinjijiya da ɗinya. Da sassafe, a kan ninki 25, har ƙwayar idon zalɓe na gani sarai. Da rana ta take, wani abokin tafiya ya murɗa zuwa 60, sai ga ruwa da tsuntsaye duk suna rawa. Hazo da hucin ƙasa madubin ya ninka tare da tsuntsun, alhali kuwa hasken ya ragu.

Sa'an nan sai maganar mazauni. Wannan madubi ba a riƙe shi a hannu, sai an ɗora shi bisa ƙarfe mai ƙafa uku, in kuwa ƙafafun ba su da ƙwari, iska kaɗan ta isa ta mai da Swarovski ko Kowa aikin banza. Na fi son mai lanƙwasasshen wuya, saboda dogo da gajere duk sa leƙa ba tare da an taɓa tsayinsa ba, ga sauƙin kallon saman itace. Maharbi kuwa miƙaƙƙe ya fi masa saurin kamo abin da ya hanga, ko da yake a Dagona an hana farauta.

Ka nemi wanda aka toshe shi ruf, ƙura da ruwa ba sa shiga. Kada kuma ka goge gilashin da bakin riga, yashin hunturu karce shi yake yi. A hure ƙurar tukuna, sa'an nan a sa ƙyalle mai laushi.